Faifan Inna da Tsumman Fetur

Mun tashi da asuba, ni da ƙanina, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗiga daga indararo ba. Da yawanku kun tare ni a coci da kasuwa kuna tambayar yadda tafiyarmu Zariya ta kasance, ni kuwa na gaji da maimaitawa, don duk sanda na maimaita sai raina ya sake ɓaci. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni in huta.

Ga abin da ya kai mu. Shekara goma sha wani abu da suka wuce, wasu Turawa masu bin waƙoƙin gargajiya suka zo ƙauyenmu, can gabas da Ikara. Da safe suka ɗauki hoto da sautin matan gari suna daɓe a sabon ɗakin mai unguwa, ana waƙa ana buga ƙasa. Da yamma suka zaunar da mahaifiyarmu, Inna, ita kaɗai a gindin tsamiya, ta yi musu waƙoƙin niƙa, don kowa ya san babu mai muryarta a yankin nan. Bayan an kwana biyu suka aiko da faifai guda ta hannun Fasto. Ba irin ƙananan sidi da kuka sani ba, wannan faɗinsa ya kai murfin babbar tukunya, yana sheƙi ta fuska biyu, kowace fuska da abin da aka ɗauka a cikinta. Babu mai injin kunna shi a duk ƙasarmu. Baba ya naɗe shi a zane ya sa a akwati, gara ta cinye kwalinsa, ta haɗa da adireshin Turawan. Inna ta rasu ba mu da kaset ɗinta ko ɗaya. Muryarta babu ita a ko'ina sai a cikin wannan faifan da ba wanda ya taɓa ji.

Baba yanzu idanu sun tafi, ƙafa ma ta ƙi. Watan jiya ya kira ni ya ce, "Ladi, ina so in ji uwarku tana waƙa kafin in bi ta." Ya faɗa ne kamar mai aika a sayo masa gishiri. Fasto ya ce yana da aboki a Samaru, malamin jami'a da ya karanta harkar sauti a ƙasar waje, shi ne muka ɗaura niyya.

Daga gida zuwa Ikara a acaɓa muka yi ta, cikin taɓo. Ɗan acaɓar nan ya ɗauki kowane kududdufi abokin gabarsa ne, sai ya ratsa ta tsakiyarsa. Na rungume faifan a ƙirji, zanena kuwa ya sha ja har gwiwa. A tasha kuɗin mota ya ƙaru tun bayan Ista, kwandasta ya ce man fetur ne, kamar kullum. Shi dai kwandastan ya miƙo hannu zai karɓi faifan ya cusa a but ɗin mota ƙarƙashin kwandunan tumatir. Kallo ɗaya na yi masa ya janye hannunsa. Wata tsohuwa a gefena ta leƙa cikin zanen ta ce ai tiren jeren amarya ne, a ina na saya? Wani mai babbar riga a gaba ya gyara mata, ya ce kwanon satalayit ne ƙarami, ya ga irinsa a Kano. Na bar su suna musu har Tashar Yari, inda muka sayi gasasshiyar masara mai zafi, sabuwa, irin wadda ke fashewa a baki. Gonaki kore shar hagu da dama, dawa ta kai ƙugu, hanya kuwa daga nan ta miƙe sumul.

A Zariya, tashar Kwangila tana nan yadda kuka san ta: 'yan kamasho na fizgar jakarka kafin ka faɗi inda za ka, masu rake da masu biredi na bin tagogi. Muka shiga bas ɗin Samaru tare da 'yan makaranta, rabin maganarsu Hausa rabi Turanci, duka a kan jarrabawa da rashin ruwa a ɗakunan haya.

Dokta, wato abokin Fasto, dattijo ne mai sanyin magana. Matarsa ta kawo mana kunun gyaɗa. Ya wanke hannu kafin ya taɓa faifan, ya riƙe shi ta gefe-gefe, ya karanta rubutun tsakiya. Ya ce fuska ta farko daɓen safe ne, ta biyu waƙoƙin yamma, murya ɗaya. Ni kuwa na san muryar wace ce.

Sai ya yi mana bayani, ni ma bari in yi muku yadda na gane. Turawan nan ba da makirufo ɗaya suka ɗauki sauti ba. Sun kafa su gaba da baya, hagu da dama, da tsakiya, don mai sauraro ya ji kamar yana tsaye a cikin taron. Duk waɗannan sautukan an dunƙule su an ɓoye a wani layi na daban cikin faifan. In ka saurari layin nan kai tsaye ba abin da za ka ji sai shiiii, kamar ruwa a kan kwanon rufi. Sai an ja waya daga wani rami na musamman a bayan injin, an shigar da ita wani ɗan baƙin akwati, shi ke warware ƙullin ya miƙa wa kwamfuta ta ajiye. Dokta yana da akwatin, yana da kwamfutar. Injinsa ne ya ƙone wata rana da aka kawo wuta da ƙarfi. Ya ce inji ɗaya ya sani mai wannan ramin a duk Zariya, yana wani tsohon gidan kallo a Muciya, cikin Sabon Gari. Mu je da faifan mu gwada, in injin na aiki mu aro shi.

Ya nuna mini wasu ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a bakin faifan, ya ce ya fara ruɓewa ta ciki, ba a yi saurin zuwa ba. Ya kuma ja mini kunne: kada ruwa, kada mai, kada sabulu, kada komai ya taɓa shi. Yana da aji a lokacin, shi ya sa bai bi mu ba.

Sabon Gari da rana tsaka wata duniya ce. Ka ji Hausa nan, ka ji Yarbanci can, ga Ibo, ga turancin buroka na yawo a tsakani. Shagunan sayar da finafinai sun jera lasifika a bakin titi, kowa na son ya danne maƙwabcinsa, har ƙirjinka na rawa. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wajen wata mata kusa da layin dogo. Abincin ya yi daɗi, naman ne dai sai da na nemo shi da cokali. Daga nan muka yi ta tambaya lungu-lungu, muna tsallake kwata, har muka samu gidan.

Mai gidan kallon ya rasu, ɗansa ya mayar da wurin shagon haɗa bidiyon biki. Saurayi ne mai baƙin tabarau a cikin ɗaki mai duhu, da sarƙa a wuya, bakinsa ba ya rufuwa. Kafin in gama gaisuwa ya kunna mana aikinsa mu gani. Wani biki ne: ga tsofaffi na sa wa amarya albarka, bakinsu na motsi, amma abin da kake ji kiɗan fiyano ne. Furanni na juyawa, fuskar amarya ta shiga cikin zanen zuciya ta fito. Ya ce ai hayaniyar mutane cire ta ake yi, a sa kiɗa mai daɗi. Kuma gaskiyarsa, haka duk muke karɓa muna murna. Jikokinmu za su gan mu muna motsa baki kamar kifi, ba za su taɓa jin abin da muka ce ba.

Injin yana ƙarƙashin benci, ƙura ta rufe shi, an ɗora masa tsofaffin takalma. Ya jawo shi ya haɗa da talabijin. Na miƙa faifan, na maimaita masa kashedin Dokta kalma-kalma: kada ruwa, kada mai, kada komai. Ya ce, "Haba Anti, a cikin sana'ar nan aka haife ni."

Injin ya yi gurnani, ya kama. Jama'a, sai ga ƙauyenmu a talabijin. Ga matan gari sun durƙusa da madaɓai, rabinsu yau suna ƙasa. Ƙanina ya yi ta nunawa yana kiran sunaye. Inna ba ta fito ba, don ranar tana layin baya ne, bayan mai ɗaukar hoton, kuma bugun daɓe ya danne muryoyi. Ban damu ba, na san tana jirana a ɗaya fuskar. Sai saurayin nan ya danna wani maɓalli yana neman ƙara sauti, sai ga shiiii ɗin da Dokta ya faɗa. Ya ce kin ji, faifan ya yi datti. Na ce ba datti ba ne, wannan ƙarar ita muka zo nema. Ya yi dariya har da buga cinya. Na ce to juya mana ɗaya fuskar mu gani.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ya fita ya tayar da janareta. Ƙanina ya tafi neman motar da za ta ɗaukar mana injin. Ni kuma wayata ta yi ƙara, Dokta ne, kuma a cikin shagon ba a jin magana sai na fita bakin titi. Na gaya masa inji na aiki, ya yi murna, na dawo.

Warin fetur ne ya fara tarbata a ƙofa. Saurayin ya kifa faifan a kan cinyarsa, fuska ta biyu a sama, yana murza ta da tsumman da ya tsoma a galan ɗin janareta. Yana murzawa yana fito. Na yi ihu, na fizge. Ina kallo sheƙin nan ya dushe, ya yi fari kamar an shafa masa koko, wasu ƙananan tsagu suka bazu ko'ina a kansa.

Ban san duk abin da na faɗa ba. An ce har masu shagon ƙarshen layi sun fito. Na tuna dai na ce masa ashe kunnen nan ado ne, ba minti biyar da na gaya maka! Shi kuma ya cire tabarau yana rantsuwa, wai taimako ya yi niyya, haka suke wanke kan injin bidiyo ya fita fes. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har a lokacin jira yake in gode masa. Mutane suka taru, kowa da nasa: yi haƙuri Malama, ƙaddara ce, ai faifai ne kawai. Na ce ƙaddara ba ta tsoma tsumma a fetur, mutum ne ya tsoma, ga shi nan tsaye. Mun iya ba da haƙuri a ƙasar nan, musamman in ba kayanmu aka lalata ba.

Sai ya kawo shawarar da ta ƙarasa ni. Ya ce in kawo hoton mamana, ya san wata yarinya mai zaƙin murya, za ta rera waƙar, shi kuma ya sa fiyano da furanni, tsoho ai ba ya gani, ba zai gane ba. Wai ba zai gane ba! Mutumin da ya kwana ya tashi da muryar nan tun kafin a haifi uban wannan yaron! Da ƙanina bai dawo ya riƙe ni ba, Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Shi ya sungumi injin ya sa a mota, ba wanda ya hana mu.

Daga Sabon Gari zuwa Samaru ban ga komai a hanya ba, don haka kada ku tambaye ni. Dokta ya karɓi faifan, ya sansana, ya ɗaga shi a hasken taga. Sannan ya ce irin robar nan ba ta shiri da fetur, cinye ta yake yi. Babu wuta a unguwarsu ranar, sai muka kwana a gidansa. Matarsa ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa, na ci loma biyu don kunya.

Da hantsi aka kawo wuta. Dokta ya fara gwada fuska ta biyu. Injin ya juya, ya yi gurnani, ya tsaya. Ya sake, ya sake, har na ce masa ya bari. Waƙoƙin Inna na gindin tsamiya sun tafi, ko sau ɗaya ban ji su ba.

Ya juya fuska ta farko. Ya ja waya daga bayan injin zuwa ɗan baƙin akwatin, wata 'yar fitila ta kama, sai ga layuka sun jeru a fuskar kwamfuta, kowanne na rawarsa daban. Ya ce ba a gaggauta wannan aikin, sai faifan ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, kwamfuta na kwasa, mu kuma mu yi addu'a kada a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Da ya gama ya jera lasifikoki kewaye da falo, ya ce in tsaya a tsakiya.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Daɓe a gabana, amshi a damana, guɗa ta taso ta hagu ta zagaya, har zakara na cara can nesa ta wajen gidan maƙeri, daidai inda gidan yake. Shiiii ɗin da aka ce datti ne, ashe garinmu ne gaba ɗaya a ciki. Sai a bayan kunnena na hagu, kusa sosai, wata murya ta yi tsaki ta ce, "Tun safe muke maimaita waƙa ɗaya. Su waɗannan Turawan ba su da tuwon ɗorawa ne? Ni fa na bar wake a wuta."

Inna ce. Ashe ranar ta tsaya dab da makirufon baya, tana mita da ƙawarta, ba ta san ana ɗauka ba. Na juya da sauri, ba kowa sai lasifika a kan kujera. Na fita waje na zauna a bakin baranda na yi kukan da ban yi ba a Muciya. Ban iya komawa na ji sauran ba.

Dokta ya zuba mana aikin a ƙananan faifai. Akwai na ajiya mai ɗauke da komai, ya ce a raba a gidaje daban-daban, shi ma zai riƙe a kwamfutarsa. Akwai kuma wanda ya ware kowane ɓangare shi kaɗai, don rediyon sidi na gida ya iya kunnawa. Ko sisi ya ƙi karɓa. Ƙanina ya mayar da injin Muciya shi kaɗai, don ya ce bai yarda da ni ba.

A hanyar dawowa aka yi ta ruwa tun daga Dogarawa har Tashar Yari, motar na yoyo daidai kaina. Na sayi biredi da tsire don Baba. Tunani ɗaya nake yi, da wane baki zan gaya wa tsohon nan cewa waƙar da ya aike ni ɗaukowa ta mutu a hannuna.

In kun ce me tafiyar ta koya mini, ga shi. Wanda ya ce bai sani ba ba ya ba ni tsoro yanzu, wanda aka haifa a cikin sana'a shi nake gudu. Duk mai tsohon kaset ko faifai a akwati ya fito da shi tun yau a kwafe, kuma ya tsaya a kansa ƙafa da ƙafa, ko waya ta yi ƙara kada ya fita. In kuma za a haɗa muku bidiyon biki, ku ce a bar muku hayaniyarku. Ni dai har gobe ban huce ba, kuma kada wanda ya sake ba ni haƙuri.

Mun iso gida da la'asar. Na aro rediyo a gidan Fasto, na samu Baba a kan tabarmarsa a zaure. Na gaya masa komai, ban rage ba. Sai ya ce, "To, kunna abin da ya saura."

Na kunna ɓangaren bayan hagu. Daɓe na tashi can ƙasa-ƙasa, sai tsakin, sai maganar wake. Baba ya ɗago kai, ya miƙa hannu yana laluben rediyon har ya dafa shi. Muryar ta ci gaba, inda ni ban ji ba a Samaru.

"Ke dubi wancan, ya wani tsaya yana washe baki da sabuwar hula, kamar shi aka zo ɗauka." Ƙawarta ta yi dariya. Sai Inna ta rage murya. "Amma fa ta yi masa kyau. Kada ki gaya masa, kansa zai kumbura."

Baba bai motsa ba har aka koma waƙa. Hawaye na bin gemunsa, bakinsa kuma na dariya.

"Ashe ta gani," in ji shi. "Don ita na sayi hular nan, ranar ko kallona ba ta yi ba. Ladi, mayar da shi baya."